Ranar da Almakashin Banwari Ya Zarce

Duk wanda ya isa ajiye gashin baki a garin Morena ya san Banwari Lal. Shekara talatin da ɗoriya kujerarsa tana gindin darbejiyar nan mai kallon ƙofar banki, madubi rataye a jikin bishiyar da ƙusa ɗaya, akwatin gwangwani a damansa, teburin Parsu mai shayi a bayansa. Gajere ne siriri, mai saurin baki, kullum cikin farar riga wadda ta sha bula. Shi kansa gashin bakinsa bai taka kara ya karya ba, wasu 'yan tsiraru ne kawai a kan leɓe. In ka tsokane shi a kan haka sai ya ce na mutane sun cinye masa rana, yaushe zai samu sararin nasa.

Aski gadonsa ya yi. Ubansa Ghasita gida-gida yake bi a ƙauyensu da wannan akwatin, ya aske kai, ya yanke farce, ya kai saƙon biki ƙauyen gaba, in kaka ta yi a auna masa alkama da gero. A wajensa Banwari ya koyi wasa aska a jikin fata, ya kuma koyi abin da ya fi wannan wuya, wato yadda za ka kama hancin babban mutum ka juya masa fuska ba tare da ya ji an raina shi ba. Tsohon bai taɓa shiga aji ba, amma ya san wanda ake yi wa hira a kan kujera da wanda ake yi wa shiru.

Yana da shekara goma sha tara wani kawunsa ya samar masa aikin aski a barikin soja da ke Gwalior. A can ya tsinto kalmar da ya yi ta damun mutane da ita har tsufansa. Wata rana ya gama daidaita wa wani Saje gashin baki, ya miƙa masa madubi yana jiran yabo. Saje ya juya dama, ya juya hagu, ya tsuke fuska.

"Ka dai rage shi," in ji Saje, "amma ba ka ba shi shep ba."

Banwari ya ce to, sahab, wato ranka ya daɗe, alhali ko kusa bai san abin da ake nufi ba, girman kai kuma ya hana shi tambaya. Sai ya kasa kunne. Ya lura kalmar ta Turanci ce, amma a tsakiyar Hindi ake jefa ta kamar gishiri a miya. Ya ga in an ba sabon soja hula, sai ya jiƙa ta da ruwan zafi, ya kafa a kai, ya yi ta danna gefe ɗaya da tafin hannu har ta bushe ta zauna yadda yake so. Ya tambayi wani me yake yi wa hular gwamnati haka, ya ce shep yake ba ta. Daga ranar ya gane. Ashe ba ragewa ake nufi ba. Abu ne yana zaune yadda ya ga dama, kai kuma ka yi ta lallaɓa shi har ya ɗauki ƙirar da ta dace da mai shi.

Yau kam kalmar ta zama 'yar gida. Tela yana faɗinta, mai ɗinkin takalmi yana faɗinta, uwa ma in 'yarta ta murza roti, gurasar nan tamu, ya fito a karkace sai ta ce shep ya lalace. Banwari ya rantse shi ya fara shigo da ita Morena, ranar da ya baro bariki da amaryarsa Fulmati da kujerar katako ɗaya. Ƙarya ce, mun sani, amma ba wadda za ta hana wani barci ba, don haka muka bar masa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi bar masa, wato Master Badri Parsad, wanda ya shekara talatin da biyar yana koyar da Hindi, ya yi ritaya ya rasa wanda zai yi wa gyara. Kowace safiya yana kan bencin Parsu da jarida, yana jiran Banwari ya buɗe baki.

"Banwari, yau ma da kalmar aro za a yi mana aski? Harshenmu mutuwa ya yi? Ga akar, ga rup, ga shakal. Ɗauki ɗaya mana, kyauta ne."

"Masterji, akar ai siffar da kabewa ta fito da ita daga gona ce, ba wanda ya yi shawara da ita. Rup na amare ne, ina ruwan tsoho da shi. Shakal kuwa ga taka nan, haka ka zo da ita duniya, haka za ka koma, kuma ba ni na yi maka ba. Shep sai hannun gwani ya taɓa."

"Jahilci dai! A ƙamus duk abu ɗaya ne."

"To kai wa ƙamus gashin bakinka ya gyara maka."

Haka suke yi kullum, ba wanda ya taɓa kayar da wani. Ranar Talata kuwa, da ba a aski, kowannensu wuni yake yi kamar marar lafiya.

Aikin Banwari yana da ƙa'ida, kuma ba ya sassauta ta don kowa. In ka zauna ba ya tambayarka yadda kake so. Sai ya ja da baya taku biyu, ya karkata kai, ya ƙare maka kallo kamar mai tayin akuya, ya ja ka da magana don ya ga yadda bakinka yake motsi. A cewarsa gashin baki bakin yake bi, ba ra'ayin mai shi ba. Mai faɗin fuska ya yi masa wanda yake kira takobi, mai dogon hanci ya yi masa wutsiyar kunama. Wani ɗan kasuwa ya taɓa zuwa da hoton da ya yanko daga jarida, ya ce irin wannan yake so. Banwari ya dubi hoton, ya dubi mutumin, ya ce ya je ya samo fuskar tukuna. Da wannan aiki ya aurar da 'ya'ya mata biyu, ya yi wa ɗakinsa rufin siminti, kuma ba a taɓa ganin wanda ya tashi daga kujerarsa yana rufe baki da hannu ba.

Bai taɓa rataya allon talla ba, don allonsa yana tsaye da ƙafafunsa a ƙofar banki daga safe har yamma. Jandel Singh Tomar ke nan, mai gadin bankin, ƙato dogo mai bindiga mai baki biyu. Shekara ashirin da biyu yana kiwon gashin bakinsa, kuma ba hannun da ya taɓa shi sai na Banwari. Kowane ɓangare ya fita ya wuce kumatu, ya murɗe ya kalli sama, ta ƙasa kuma ya sauko ya rufe bakin ruf. In zai sha shayi sai ya ɗaga shi da ɗan yatsa. Yaran unguwa har gardama suke yi ko yana da haƙora. Banwari ya sa wa wannan ƙira suna ƙahon ɓauna, kuma saboda ita mutane suke shigo motar haya daga garuruwan Ambah da Porsa, su cire 'yan kuɗinsu a banki, su tsallako titi su ce a yi musu irin na Thakur sahab, wato Jandel. Ba ya yi musu, amma ba sa tashi sai da nasu.

Kowace Laraba da Lahadi da ƙarfe takwas Jandel yake zuwa. Ya jingine bindiga a jikin darbejiya in ranar aiki ce, ya zauna, kafin a gama ɗaura masa ƙyalle a wuya ya fara minshari. A ƙasarmu ta Chambal kana iya zagin mutum ya haƙura, amma in ka taɓa masa gashin baki sai dai a ji sauran labarin a kotu. Don haka a ce Thakur, jinin mayaƙa masu ji da kansu, kamar Jandel ya miƙa wa wanzami nasa ya yi barci, ba ƙaramar yarda ba ce. Banwari ya san haka, yana alfahari da ita fiye da rufin simintin. Ya kuma san ranar da Jandel ya tashi daga kujerarsa bai dawo ba, duk masu gashin bakin garin sun tashi ke nan.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne idonsa ya fara yi masa gardama. Shekara uku ke nan abin kusa yana zame masa hazo-hazo. 'Yarsa Guddi ta ja shi wajen likitocin ido da suka zo duba mutane kyauta a filin makaranta, aka ba shi tabarau mai kauri da baƙin kara. Ya yi godiya, ya dawo ya cusa shi can ƙasan akwati, ƙarƙashin alif da tsohon tawul. Wanzamin da ya sa tabarau, a ganinsa, shela yake yi cewa ba ya ganin maƙogwaron da yake ɗora wa aska. Sai ya koma aiki da yatsa, kuma yatsun nasa sun san fuskokin garin sarai, har ba wanda ya lura.

Fulmati ce kaɗai ba ta ruɗu ba.

"Baban Guddi, me ka zuba wa miyar waken nan?"

"Gishiri mana. Ba ya ji."

"Sukari ne. Jiya kuma ka zura zare a allura rabin awa, allurar tana hannuna. Ka sa abin nan da aka ba ka kafin ka yanke wa wani kunne."

"Uwar Guddi, ki tsaya a kan murhunki. Hannuna ya fi idon wasu gani."

"To. Ni dai na faɗa."

Wata Laraba ce cikin watan sanyi, lokacin da duk kasuwar take ƙamshin riɗi da ake dakawa don alewar gajak. Jandel ya zo kamar kullum, ya jingine bindiga, ya yi barci. Banwari ya wanke gashin bakin, ya taje, ya shafa masa man shanu, ya murɗe ƙahonin da kakin zuma. Sai yatsansa ya ji wani gashi guda ya bijire a ƙarƙashin murɗin hagu. Yatsa ya ji, ido bai gani ba. Ya kai almakashi inda yake zaton gashin yake, ya datse.

Ƙarar da ya ji ba ta gashi ɗaya ba ce. Ƙaras! Ƙahon hagu gaba ɗaya, mai tsawon ɗan yatsa, ya faɗo kan farin ƙyalle yana nan a murɗe da kakinsa.

Banwari ya ja almakashi baya. Parsu ya tsaya da butar shayi a sama har kofin ya cika ya zube. Master ya sauke jarida. Jandel kuwa minsharinsa yake yi hankali kwance. Parsu ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya lallaɓa da sanɗa ya ɗauke bindigar daga jikin bishiya, ya kai ta bayan buhunan gawayinsa, sannan ya dawo suka haɗa kai su uku suna raɗa.

"Aske shi duka kafin ya farka," in ji Master. "Gashi ne, zai tsiro."

"Masterji, karatu ya ɓata ka!" in ji Parsu. "Dadda fa yana raye!"

Master ya dafe baki, don ya san ya yi katoɓara. A wajenmu namiji ba ya aske gashin baki ƙwal muddin ubansa yana numfashi. Ranar da uba ya rasu ake yin wannan, a haɗa da kai. Dadda Hakim Singh kuwa, uban Jandel, yana nan da shekara casa'in da ɗaya a kan gadon igiya a ƙofar gidansa, yana cin roti huɗu a zama ɗaya, yana zagin duk mai babur da ya tayar masa da ƙura. Da Jandel zai tsallaka titi da leɓe fayau, kafin rana ta take matan unguwa sun cika gidan da kuka, wani ya aika a sayo itacen ƙona gawa, sai tsohon ya tashi da sandarsa ya kori masu makokinsa.

"To manna shi, ɗan'uwa," in ji Parsu. "Ga kaki nan. Wa zai sani?"

Kuma Banwari ya so ya yi. Har ya ɗauki guntun, ya gutsuro kaki ya fara murzawa a yatsa don ya yi laushi. Zai riƙe har zuwa tsakar rana. Daga nan rana za ta narkar da kakin, ƙahon ya faɗo a ƙofar banki gaban layin mutane, ko ya faɗa cikin kofin shayi. Ya dubi mutumin da ke barci, kai a karkace, maƙogwaro a buɗe, kamar yadda ya saba miƙa masa shekara ashirin da biyu. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya goge kakin a gefen akwati, ya ɗora guntun a tafin hannunsa.

"Thakur sahab. Thakur sahab, tashi. Na yi maka ɓarna."

Jandel ya buɗe ido ya dubi madubi. Ƙaho ɗaya yana kallon sama, ɗaya gefen kuma kamar tsintsiyar da akuya ta ci. Ya daɗe yana kallo. Hannunsa ya tafi jikin bishiya da kansa, ya shafo ɓawo. Ba wai harbi zai yi ba, Jandel ko tsuntsu bai taɓa harbi ba, amma mutum in ya rasa abin yi yakan nemi abin riƙewa.

"Ina bindigata?"

"Ta ɗan zagaya shan shayi, Thakur sahab," in ji Parsu daga nesa.

Ba wanda ya yi dariya. Jandel ya juyo ya dubi Banwari, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Shekara ashirin da biyu, Banwari."

"Da wata huɗu, sahab. Ni na fara murɗa shi."

"Giya ka sha?"

"Ban taɓa sha ba, ka sani."

"To me ya same ka?"

Kafin nan mutane sun fara taruwa, masu kayan miya, masu keke, har da wani mai tura rake. Banwari ya durƙusa ya buɗe akwatin ubansa, ya ɗaga alif, ya ɗaga tsohon tawul, ya ciro tabarau.

"Ba na gani, sahab. Shekara uku ke nan da yatsa nake yi maka. Na ɓoye ne don kar ka tashi daga kujerata."

Ya kafa tabarau a fuska gaban duk kasuwa. Nan take duniya ta yi tsalle ta matso kusa. Ya ga madubinsa ya tsage a kusurwa, bai san yaushe ba. Ya ga Master ya tsufa ƙwarai. Ya ga idon Jandel ya kaɗa ya yi ja, kuma ba fushi kaɗai ne a ciki ba, har da baƙin ciki, wannan kuma ya fi yi masa ciwo.

"Ba za a aske ba," in ji Jandel. "Dadda yana nan."

"Ubangiji ya ƙara masa kwana. Ka ba ni izini in ba abin da ya rage wani shep. In bai yi maka ba, ni da kaina zan ɗauke kujerar nan daga gaban bankinka."

Jandel ya koma ya jingina da kujera, ya miƙa masa fuska. Banwari ya ja da baya taku biyu ya karkata kai. Sannan ya matso ya kama ƙahon dama, wanda bai yi laifin komai ba, ya datse shi daidai da ɗan'uwansa. Wata mai sayar da albasa ta ce wayyo. Gajeren gashin baki ba ya tafiya da labule a ƙasa, don haka ya bi layin leɓe ya ɗage duk abin da ya rufe bakin, sannu a hankali, gashi bayan gashi.

Abin da ya fito ya ba shi mamaki. Ɗan ƙaramin baki ne mai kyan yanka, leɓen sama da ɗan lotsi a tsakiya, ga tawadar Allah a gefen hagu. Irin bakin nan ne da ko mai shi yana fushi sai ka ga kamar murmushi zai yi. Sam bai dace da bindiga mai baki biyu ba. Banwari ya yi tunanin ya bar gashi ya ɗan sauko ya rufa wa Thakur asiri, amma hannunsa ya ƙi, don ba haka ya saba aiki ba. Ya bi bakin yadda yake. Ya bar gashin da kauri a tsakiya, ya sirance shi zuwa gefe, ya ɗan ɗaga ƙarshen ya tsaya daf da tawadar. Awa guda ya ɗauka. An buɗe banki ba mai gadi, manaja yana ta leƙowa ta taga amma bai yi ƙarfin halin aiko kira ba.

Da aka gama Jandel ya dubi madubi. Ya tsince ƙahonin biyu daga kan ƙyalle, ya naɗe su a hankici ya sa a aljihun gaba. Ya ciro mayafin da ke wuyansa ya naɗe fuska da shi, ido kaɗai ya bari. Parsu ya miƙo bindiga da hannu biyu, ya karɓa ya tsallaka titi.

Alhamis haka ya tsaya a ƙofar banki da fuska a naɗe, Juma'a ma haka. Labari ya zaga gari ya yi 'ya'ya. Wasu suka ce leɓe aka yanke, wasu suka ce hanci, wani a tashar mota ya rantse ya ga jinin da idonsa. Masu gashin baki suka koma gaisar da Banwari daga tsallaken titi, hannu ɗaya a sama, ɗaya a kan gashin bakin. Ya wuni yana wasa askar da ba ta bukatar wasawa. Abin da ya fi damunsa shi ne Master ya daina yi masa gardama, ya zauna shiru a bayan jarida.

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, Master ya naɗe jaridar, ya taso ya zauna a kujerar da kansa. Ya yi gyaran murya yadda na nesa za su ji.

"Banwari, zo ka ba ni abin nan naka."

"Wane abu, Masterji?"

"Ka san shi mana. Kar ka sa in maimaita." Ya haɗiye yawu kamar mai shan magani. "Shep ɗin."

"Masterji, gashin bakinka duka-duka bai fi a ƙirga ba."

"To ƙirga ka ba su. Kana da tabarau yanzu, ba ka da hujja."

Banwari ya yi dariya karo na farko cikin kwana uku, ya kuma ji son tsohon nan mai taurin kai ya cika masa zuciya. Amma Master ɗaya ba ya riƙe kujera, shi ma ya sani.

Da yamma ya tarar da Fulmati tana tsince shinkafa a tsakar gida. Tun Laraba ta riga ta ce masa "ai na faɗa maka" sau uku, ta ga ya isa.

"Uwar Guddi, in bai zo gobe ba, naɗe kayana zan yi in dawo gida."

"Ka zauna min a nan wuni guda kana gyara min yadda ake murza roti? Ubangiji ya kiyaye. Zai zo."

"Ya kika sani?"

"Ban sani ba. Amma tunda yanzu kana gani, karɓi faifan nan ka tsince min tsakuwa."

Lahadi tun ƙarfe bakwai ya share gindin bishiya, ya shimfiɗa sabon ƙyalle a hannun kujera. Takwas ta yi, ba kowa. Takwas da rabi, Parsu ya kawo masa shayi bai sha ba. Ya fara duban ƙusar madubin yana tunanin da me zai cire ta. Sai ya ga Master ya sauke jarida yana kallon bakin titi. Jandel ne tafe, ba bindiga tunda ba aiki ranar, mayafi a kafaɗa, fuska a buɗe kowa yana gani. Ya zo ya zauna, kujera ta yi ƙara. Banwari ya ɗaura masa ƙyalle.

"Kwana uku ina cin abinci a ɗaki, na juya wa ƙofa baya," in ji Jandel, yana kallon madubi ba Banwari ba. "Jiya da yamma Dadda ya kira ni. Ya ce, kai Jandel, fashi ka koma ne da tsufanka? Cire tsumman nan in gani."

"Ka cire, sahab?"

"Wa yake ce wa Dadda a'a? Na cire. Na ce a raina yau sai sanda. Ya ce in matso. Ya ce in ƙara matsowa. Ya sa hannu ya taɓa nan." Ya nuna gefen bakinsa. "Sai ya ce, Ramkali."

Banwari bai san sunan ba.

"Sunan uwata ne. Ina da shekara tara ta rasu. Ko hoto ɗaya ba mu da shi. Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, ko tana raye, sai jiya. Ya ce shekara da shekaru yana neman fuskarta a ransa ta ƙi zuwa, ashe ni na ɓoye ta a ƙarƙashin tsintsiya."

Parsu ya yi dariya, ya kuma yi sauri ya haɗiye ta.

"Yi dariyarka, shi ma ya yi," in ji Jandel. "Har abincinsa ya huce yana ba ni labarinta. Wai tsoron ɗawisu take ji. Wai ranar da aka kawo ta ta ƙona madara, ta ce kyanwa ce. Wai in tana niƙa waƙa take yi, maƙwabta su tsaya a bayan katanga su saurara." Ya shafa tawadar da ɗan yatsa. "Ban san tana waƙa ba, Banwari. Shekarata hamsin da uku ban sani ba. Yanzu ya ce in riƙa cin abinci a gabansa don ya riƙa gani."

Tabaraun Banwari ya yi hazo. Ya cire ya goge da gefen riga, ya share ido da bayan hannu, bai damu da wanda ya gan shi ba.

"Sahab, ƙahon zai iya dawowa. Shekara biyar, in mun kula da shi sosai, da man shanu da..."

"Muddin Dadda yana raye, haka za ka riƙe min shi. Kar gashi ɗaya ya sauko kan leɓen nan. Ka ji?"

"Na ji, sahab."

"Kuma mayar da gilasan nan kafin ka taɓa ni. Kunne biyu kaɗai gare ni, ina son abina."

Banwari ya mayar, ya ɗauki almakashi ya fara aiki. Ya jira ya ji minshari, bai ji ba. Jandel yana zaune ido biyu, ya zuba wa madubi ido, yana kallon bakin uwarsa.